Ranar Da Na Kasa Tashi A Gaban Modibbo

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da jajibirin ɗaurin auren Aminu ba. Ɗan marigayi yayana ne, a hannuna ya tashi a unguwar Shagari Low Cost ta Yola, kuma ni ne zan karɓa masa aure a madadin mahaifinsa. Na daɗe ina jiran wannan rana.

Kafin nan likita ta ce kitse ya yi yawa a jinina, ta ɗora ni kan wata 'yar ƙwaya, ɗaya kullum, ta ce in na ji ciwon tsoka in dawo da wuri. Na ce to. Amma ni malamin lissafi ne (a nan gizo ke saƙar), sai na yi nawa hisabin: idan ƙwaya ɗaya tana wanke kitsen yini guda, ranar da na ci tsire da man shanu ai sai biyu. Makon biki kuwa kullum ranar tsire ce. Wani lokacin har in ƙara ta uku don ihsani.

Cinyoyina suka fara ciwo kamar an yi mini dukan ɓarawo, na ce zirga-zirga ce. Fitsarina ya koma kamar baƙin shayi, na ce zafin Yola ne. Ko matata ban gaya wa ba.

Ranar jajibirin da la'asar muka je unguwar Makama gaida Modibbo, kakan amarya, tsoho tukuf. Ba a gaida irinsu a tsaye, don haka na cire takalmi na tsugunna gaban shimfiɗarsa. Gaisuwar Fulani kuwa ba ta da gaggawa: gida, yara, aiki, gajiya, a koma gida kuma.

"Jam ɓandu na?" in ji shi, wato yana tambayar lafiyar jikina.

"Jam," na ce (ƙarya tsagwaronta).

Aka yi addu'a aka shafa, kowa ya miƙe. Ni kuwa ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Modibbo ya zaci ladabi ne ya yi mini yawa.

"Ya isa haka, Malam, tashi mana."

Aminu ya sunkuyo ya raɗa mini, "Bappa, don Allah ka tashi, ana kallon mu."

Na yunƙura da iya ƙarfina, sai ga ni kife a kan tabarma, hula ta gangara har gaban surukai. Tsohon da ya kusa haifar ubana shi ya ajiye sandarsa ya kama hannuna. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ban yi sallama ba.

A asibiti da na gaya wa likita lissafina, ta dube ni ta girgiza kai. "Malam, wa ya ce maka sabulu ne? Maganin ba shi da laifi in ka sha yadda aka ce. Saura kaɗan ƙodarka ta tafi."

Washegari ina kwance ana mini ƙarin ruwa, wani maƙwabcinmu ya karɓa wa Aminu aure. Da yamma yaron ya shigo da babbar rigarsa, ya zauna bakin gado, ya ce, "Sannu, Bappa." Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Yana fita na juya fuskata ga bango na yi kuka, don abu ɗaya da yayana ya bar mini in yi masa ke nan, kuma ba a yin sa sau biyu.

Na dai koyi darasi: in jiki ya yi maka magana a ɗaka ka ƙi ji, a gaban surukai zai maimaita.