Karen da Na Je Saya wa Baba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da wata mai kiwon karnuka ta zaunar da ni a benci ta yi min jarrabawa ba, na kuma faɗi warwas a gaban mahaifina.

Tun rasuwar Inna, Baba yake zaune a ƙauyenmu da ke bayan Izom, daga shi sai awakinsa. Da na ji an sace biyu, sai na yi tunani irin namu na ma'aikatan Abuja: kare zan saya masa, ƙato, irin na Turawa, wanda ɓarawo zai ji haushinsa tun daga titi ya canza sana'a. (Ni da ko kyanwa ban taɓa riƙewa ba, amma kwana uku na yi ina kallon bidiyo a waya, na zama gwani.)

Aka haɗa ni da Madam Ladi, tsohuwar ma'aikaciyar asibitin dabbobi da ke kiwon karnuka a Iku. Na nuna wani kwikwiyo mai faɗin ƙirji, na ce shi nake so.

"Oga, ba tumatir nake sayarwa ba," ta ce. "Kawo min wanda zai zauna da shi tukuna."

Na ji haushi, amma na tura mota aka ɗauko Baba. Ta gaishe shi, ta ba shi kujera, ta fara tambaya. Ni kuwa sarkin iyayi, kafin ya buɗe baki na amshe.

"Baba yana yawan tafiya? Wannan irin, in bai yi gudu kullum ba, a kan awakin zai huce."

"Kullum yana gona," na ce. "Ai ya fi ni ƙarfi."

Baba ya yi gyaran murya. "Tun farkon damina ban je ba. Gwiwa ta hana."

Na yi dariyar yaƙe. Ta ce katanga fa? Na ce zagaye take, ni na gina ta.

"Ta yamma ta faɗi da ruwan bana," in ji Baba. "Ta nan aka shigo."

Mai hankali da ya yi shiru daga nan. Ban yi ba. Da ta tambayi wa zai riƙa dafa wa karen abinci, na ce Talatu mana, matar maƙwabci, ai ita ke yi wa Baba girki.

"Sun koma Gawu tuni," ya ce a hankali. "Ni nake ɗan dafa abina."

Madam Ladi ta dube ni, ba da faɗa ba. "Oga, yaushe rabonka da gidan?"

Wata bakwai. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma abin da ya fi yi min ciwo shi ne Baba ne ya yi saurin rufa min asiri.

"Aiki ne ya yi masa yawa, 'yar nan. Hanyar Abuja ba sauƙi. Kuma yana aike."

Ta hana mu ƙaton. Ta ɗauko wani ja, irin na gida, marar rawar kai, wanda ya tashi cikin awakinta. Ya shinshina takalmin Baba, ya kwanta a kai. Baba ya tattare bakin rigarsa saboda sallah, amma bai janye ƙafarsa ba.

"Wajen awaki zai riƙa kwana," ya ce, yana ɓoye murmushi.

Ta kafa sharaɗi: a gyara katanga kafin karen ya bar hannunta, ranar allura kuma ni zan kawo shi da kaina, tare da Baba. In zaman bai yiwu ba, a dawo mata da abinta.

A mota na kasa haɗa ido da Baba. Sai da muka wuce Izom ya ce, "Matar nan ta iya tambaya." Iyakar faɗan da ya yi min ke nan.

Cikin minti ashirin baƙuwa ta san halin da ubana ke ciki fiye da ni, kuma ba wani siddabaru ta yi ba: tambayarsa ta yi, ta jira amsa. Na koyi hakan, ko da yake a makare. Yanzu duk Asabar ina ƙauye. Karen dai har yau haushi yake min in na shigo. Baba ya ce in yi haƙuri, aikinsa yake yi, bai gama sabawa da baƙi ba.