Yadda Za Ka Shekara Tara Kana Sabon Ma'aikaci

Sabuwar doka ta ce duk wanda ya cika wata shida cur a wurin aiki, dole a tabbatar da shi, a ba iyalinsa katin asibiti. Kamfani kuwa mai bin doka ne, shi ya sa ba ya barin kowa ya cika wata shidan. To kai mai ɗaure kwalaye a sito, bi matakan nan sau da ƙafa. Na yi maka alkawari furfura za ta cim maka ana ce maka sabon zuwa.

1. Ka iya karɓar sallama

Ana saura kwana ɗaya ka cika, Manaja zai kira ka ofis ya ce, "Malam, haƙuri za ka yi." Ko karo na goma sha bakwai ne, ka dafe ƙirji ka ce, "Ni, ranka ya daɗe?" Shi ma ɗan Adam ne, yana son ya ga aikinsa ya ratsa mutum. Ka miƙa rigar aiki, amma ka ƙulle hannunta ɗaya don ka gane abarka ranar Litinin.

2. Kada ka kai maganar gida

Uwargida na jiranka. Yanar ido ta rufe mata na hagu, likita ya ce sai an yi aiki, aikin kuma sai da kati. Za ta ce, "Baban yara, ina labarin takardar tabbatarwar?" Ka ce, "Saura ƙiris." Ba ƙarya ka yi ba, kullum kwana ɗaya ne ya rage.

3. Ka manta hanya

Ranar Litinin ka zo neman aikinka. Ka yi wa mai gadi sallama irin ta baƙo, ka tambaye shi ofishin Manaja. Zai ce bai sani ba, shi ma yau ya fara, duk da bencinsa ya lotsa daidai mazauninsa. Za ka hangi kofinka da guntun shayin da ka bari. Kawar da kai, na wancan mutumin da aka kora ne.

4. Ka koyi aiki

Za a haɗa ka da Dogo, wanda kai ka koya masa ɗaurin kwali. Ya riga ka dawowa da minti ashirin, don haka yanzu shi ne babba. Zai sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, wai haka ake riƙe igiya." Ka buɗe baki ka ce, "Ikon Allah!" Kada hannunka ya yi saurin ganewa. Sabon da ya iya aiki ranar farko, tsoho ne ya ɓad da kama.

5. Idan gurbin dindindin ya fito

Yakan fito, kamar yadda kaza kan yi tsuntuwar dami. Ka goge takalmi ka je. Manaja zai jera takardunka, waɗanda duk shi ya sa musu hannu, ya girgiza kai. "Malam, sau goma sha takwas kana barin aiki. Ba ka taɓa yin wata shida a wuri ɗaya ba. Mu mai zama muke nema."

Zuciyarka za ta tafasa, har ka ji kamar ka ɗaure shi a kwali. Haɗiye. Ka ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

6. Ka faranta wa iyali

Ranar sallama ta gaba, da ka shiga gida uwargida za ta jiyo ƙarar takarda a aljihunka ta ce, "Ita ce?" Ta sallama ce, amma ka miƙa mata. Idon daman ma ya fara, ba za ta iya karantawa ba. Za ta shafa hatimin da yatsa, ta rangaɗa guɗa, ta ce gobe da sassafe ka raka ta asibiti. Kai dai ka kalli bango.

A kula

Idan gobe aka karanta mata takardar a gaban layin marasa lafiya, kada ka nemo ni. An sallame ni tun ranar Juma'a. Wanda za ka tarar a kujerata, sanye da rigata, sabo ne, bai san ka ba.