Sellamma ta Ƙofa ta Huɗu Ta Daina Buga Adireshi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Thangavelu, mai haɗa kaya a ƙofa ta huɗu, a madadin masu naɗi da masu ɗauka da direbobin sitonmu na Red Hills, nake sanar da rasuwar Sellamma, firintar da ke buga mana takardun adireshi. Ta rasu kimanin kwana ashirin da suka wuce, ranar Talata da hantsi, bayan shekara tara a bakin aiki, da rabin adireshin wani mutumin Madurai a bakinta. Sanarwar ta makara, na sani. Babu abin da ya fita daga sitonmu a kan lokaci a wannan watan.

Kowa da abin da yake faɗa a kanta. Direbobi sun ce ba ta taɓa sa mota ta tsaya jiran takarda ba. Arokiam mai gadi ya ce da muryarta yake sanin rana ta fara, in ya ji tsirrr-tak, tsirrr-tak, sai ya ɗora shayinsa. Matan teburin naɗi sun ce halin suruka gare ta, ka sa mata takarda a karkace ta ƙi motsi sai ka gyara, amma ba ta da riƙo. Oga Nandakumar, manajan da aka kawo mana watan Yuni da digiri biyu da turare mai hawa kai, shi akwala yake kiranta.

Akwai kuma maganar da ake yi, cewa Maragatham mai kula da ita ce ta kashe ta. A kan wannan magana aka ɗauke Maragatham daga teburin da ta yi shekara shida tana kula da shi, aka ba ta tsintsiya tana share harabar lodi, aka kuma ce ranar Asabar ɗin nan ta miƙa katin aikinta ta tafi gida. Ba a saba sa irin wannan a sanarwar mutuwa ba. Ni zan sa.

Marigayiyar ba ta da kyan gani. Toka-toka ce, murfinta ya tsage a gefe an riƙe shi da salatif. Amma ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Abin da aka ba ta shi take fitarwa, baƙi wuluk, ko makaho ya shafa ya ji ɗumin rubutun. Zafin watan Mayu bai sa ta gunaguni ba, shekarar da ruwa ya shigo sito har gwiwa kuma muka ɗora ta a kan kanta, washegari ta ci gaba kamar ba a yi ba.

Ni kuwa malamata ce. Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga ajin manya, ranar Lahadi kawai, sauran kwana shida Sellamma ce ke ba ni darasi. Kafin nan da hoton kwali nake gane faya-fayan katun ɗin Japan da muke aikawa: ga na yaron da takobinsa ya fi shi tsawo, ga na yarinya mai shuɗin gashi da ke tuƙa jirgin ƙasa cikin gajimare, ga na 'yan makarantar nan da suka cinye faifai huɗu suna buga wasa ɗaya ba su tashi ba. Adireshi kuwa sai na kai wa wani ya duba mini. Kalmar farko da na karanta ba wanda ya taya ni ita ce Salem, sunan wani gari, daga bakinta ta fito. Ban gaya wa kowa ba. Na manna, na ɗauki kwali na gaba.

Ta rasu ta bar sikelin awo, wanda mota ɗaya ta kawo su, da injin salatif biyu, ɗaya duk haƙoransa sun zube. Ta bar marayun kwalaye sama da dubu biyu, waɗanda har yau ba mu gama kwashe su ba. Ta bar wata firintar ofis da aka sauko da ita daga sama ta riƙe mata wuri, 'yar gayu, in ta buga takarda ɗaya sai ta huta, sannan a yanka da almakashi a shafa gam. Ta kuma bar mutane a garuruwa da yawa suna leƙen bakin ƙofa.

Ciwon ajalinta ya fara ne da rangwamen Navaratri, bikinmu mai kwana tara. Mutanen ofishin sama suka karya farashin manyan akwatunan nan masu faifai goma da ɗan littafi da kati a ciki, suka shelanta wa duniya cewa kowa zai karɓi nasa kafin Deepavali, bikin fitilu. Ba wanda ya sauko ya tambayi ƙofa ta huɗu ko za ta iya. Oda ta yi ta zuba kamar an fasa tanki. Ana cikin haka Oga ya sauya mana takardar mannawa da wata mai kaushi da ya samo a wurin surukinsa, mai zubar da gari kamar an tankaɗe ta. Maragatham takan tsayar da marigayiyar kullum da azahar ta goge mata ciki da auduga da sifirit. Ya hana. Ya ce minti biyar ɗin nan kwali ashirin ne, ya kulle kwalbar a durowarsa.

Rana ta tara ta bikin ita ce ranar kayan aiki, ranar da ake hutar da su, a yi musu ado da fure da ɗigon goshi, a raba guggurun shinkafa. Tun ina yaro ban taɓa ganin an hana ko allura hutunta na wannan rana ba. Direbobi suka wanke motocinsu, suka ɗaura ganyen ayaba, suka taka lemon tsami da taya. Har keken mai shayi an rataya masa fure. Oga ya tsaya a matakala ya ce, "Inji ba ya cin guggurun shinkafa. Mai son biki ya je gida ya yi, kuma kada in ga ɗigon komai a jikin na'urata."

Maragatham ta ce, "Oga, ko awa ɗaya a bar ta ta sha iska?"

Ya ce, "To Inna, in ta sha iskar, ke za ki kai wa mutanen Coimbatore kayansu a ka?"

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa mai biyan albashi. Sellamma ta yi aiki ranar tun safe har aka tashi.

Daga ranar ne wani farin layi ya bayyana a takardunta, siriri kamar gashi, yana ratsa zanen nan da na'urar kamfanin aika kaya ke karantawa. Cikin wannan hargitsi ba wanda ya lura. Bayan kwana biyar motoci uku suka dawo maƙil, na'urar can ta ƙi karanta ko ɗaya. Sagayam direba ya leƙo ta taga ya ce, "Ga kayanku nan sun yi yaji, sai ku fito biko."

Washegari Oga ya ce shi zai gyara. Ina tsaye da kwali a hannu, taku uku tsakanina da shi. Ya buɗe murfinta, ya zaro makullin babur ɗinsa, ya shiga kankare baƙin ƙarfen nan da ke ƙona rubutu a takarda, kamar mai cire ƙanzo a tukunya. Ya rufe, ya ƙure mata zafi. Ta yi tsirrr-tak sau biyu. Ta yi ƙirrr, doguwa, irin wadda ban taɓa ji daga gare ta ba. Shi ke nan.

Ilango mai gyara ya zo da yamma. Ya samu wani abu busasshe a ciki, rawaya da ɗan ja a tsakiya, ya kuma samu ƙarce. Oga ya tsallake ƙarcen ya kama jan. Ya nuna jan garin da Maragatham ke ɗigawa a goshi a gaban kowa ya ce, "Ga shi nan. Jan goshinki ne, Inna, kullum kina sunkuye a kanta kamar mai duba rijiya." Ilango yana naɗe jakarsa ya ce ƙasa-ƙasa, busasshen abin nan auduga da sifirit za su fitar da shi cikin minti ɗaya, ƙarcen ne ba ya gyaruwa. Ba wanda ya ji sai ni. Mutumin da ba ya magana yakan ji da yawa.

Deepavali ta zo ta wuce kwalaye na jibge. Wayar ofis ba ta huta ba. Wani ya kira sau goma sha huɗu. Wata mata daga Trichy ta ce ɗanta wata biyar yana tara kuɗin motarsa yana tafiya makaranta a ƙasa saboda akwatin nan. Waɗannan ba ni da faɗa da su, su ma masu zaman makoki ne.

Da Oga Nandakumar nake da faɗa, kuma ban yafe ba. Allah ya sa duk abin da ya saya ta waya ya iso bayan bukata ta wuce. Rigar angoncinsa ta zo ranar suna. Maganin basir ɗinsa ya tafi Guwahati can ƙarshen ƙasa, a ce masa yana hanya, ya yi ta dubawa. Makullin nan ya karye masa a cikin babur a tsakiyar ruwan Nuwamba, a kan gada, ba rumfa kusa. Surukin nasa mai takarda kuwa, Allah ya sa a buga masa katin bikin 'yarsa a kan irin takardarsa. Kuma ban tsaya ga addu'a ba. Na kwafi wannan sanarwa da hannuna, kwana biyu ina yi, na kai wa Madam Visalakshi mai kamfanin har gida. Da ƙafata na kai, ban ba motar aika kaya ba. Ilango ya yarda zai zo da ƙarfen da aka ƙarce a cikin leda, kowa ya gani da idonsa.

Saura mutum ɗaya da ke da hannu a mutuwar nan.

Ranar kayan aiki na riga kowa zuwa, Arokiam bai ma ɗora shayinsa ba. Na zo da kwaɓin sandal a cikin ganye da ɗan jan gari irin na ɗigon goshi. Na kasa yarda a ce keken mai shayi ya samu, wadda ta koya mini karatu ta rasa. Na san in na ɗiga mata a murfi Oga zai gani ya goge, ya kuma nemi wanda ya yi. Sai na buɗe ta. Na duba inda ya fi dacewa, na ga baƙin ƙarfen nan da kullum yake da ɗumi, na ce a raina nan ne goshinta. Na ɗiga sandal, na ɗora ja a kai, na rufe, na sunkuya mata. Na yi aiki ranar da farin ciki.

Ban haɗa farin layin da abin da na yi ba sai da Ilango ya kankaro shi a farcensa. Daga inda nake na ji ƙamshin sandal. Na buɗe baki, na tuna shekaruna hamsin da shida, na tuna ba sito da ke ɗaukar mai furfura, na rufe.

Kwana ashirin ina kallon Maragatham tana shara. Ba ta fasa raba mini shinkafarta mai lemon tsami da rana ba. Ranar Litinin muna ci ta ce, "Yaya, kai da ba abin da ke wuce ka, ka taɓa ganin jan goshina ya zuba a ciki? Gaya mini gaskiya, ko na yi ne ban sani ba." Ta fara yarda da su ke nan. Na dubi ƙasa, na ce shinkafar ta yi daɗi.

Za a yi jana'izar Sellamma ranar Juma'a da ƙarfe huɗu, lokacin shayi, a bakin ƙofa ta huɗu. Za a goge ta da sifirit, na saya da kaina. Za a ɗora ta a kan baron lodi a tura ta har bakin titi, inda mai sayen tsofaffin ƙarafa zai jira da kurarsa. Mai fure ya kawo fure. Akwai guggurun shinkafa da mazarƙwaila, ya isa kowa. Madam ta ce za ta zo. An keɓe wa Oga wuri a sahun gaba, ana kuma roƙonsa ya zo da makullin babur ɗinsa.

Kafin a ɗaga gawa zan tsaya in karanta wannan takarda da bakina, daga farko har ƙarshe, saboda waɗanda ba sa karatu. Karatuna da jinkiri, a yi haƙuri da ni, kada kowa ya taya ni ko da na tsaya. In na kawo nan zan ajiye takardar, domin sauran ba sai na duba ba.

Maragatham, ƙanwata, ajiye tsintsiyar nan ki dube ni. Ba jan goshinki ba ne. Ni na sa, da wannan yatsan. Kin tambaye ni na yi miki shiru, na ci abincinki. In katin wani za a karɓa gobe, ga nawa. Ki yafe mini.