Koke Kan Bitar da Ta Haɗa Ni da Matata a Anka

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Uban Taro, Shugaban Ofishin Shirya Bita da Bitar Bita,

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin ma'aikaci ga babbansa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, idan kai ana barinka ka gan su.

Ranka ya daɗe, sunana Abdulwahabu, malamin gona a Bukkuyum. Gidana yana Gummi, domin a can matata Mardiyya take aikin ungozoma. Bara aka ɗaura mana aure, kuma ina da shaidu in an buƙace su. Tun daga lokacin ofishinka mai albarka bai taɓa mantawa da ni ba. Duk bitar da za a yi a Anka sai an sa sunana. Na yi bitar taki, na yi bitar ajiyar taki, na yi bitar yadda ake rubuta rahoton bitar taki. Ina godiya ƙwarai. Sai dai akwai 'yan ƙananan abubuwa da nake roƙon izinin ambata cikin ladabi.

Na farko. Ni da Mardiyya gida ɗaya muke, amma ba lokaci ɗaya ba. In na dawo daga Bukkuyum, ta fita karɓar haihuwa, ga shi jariran Gummi ba sa neman izini kafin su taho. In ta dawo, na hau babur na nufi Anka. Saboda haka hirarmu ta koma bakin maƙwabciyarmu Marka, dattijuwa mai kirki, wadda ba ta iya isar da saƙo sai ta ƙara masa nata. Ran nan na ce ta gaya wa Mardiyya na tafi bita. Ta gaya mata na tafi bita, kuma na ce miyar jiya ta cika gishiri. Ranka ya daɗe, ni na dafa miyar. Shin a wane ofishi ake kai ƙarar irin wannan?

Na biyu. Maganar cefane. Mun raba aiki tsakaninmu, cefane ya faɗo kaina. Na sayi tumatir da attaruhu da zakara guda a kasuwar Bukkuyum, ina shirin kama hanyar gida sai ga kiran ofishinka, wai ana jirana a Anka. Haka na tafi da su. Na ɗaure zakaran a ƙarƙashin kujerata, ya yi shiru kamar mai fahimta, har babban baƙo ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce, "Ba zan tsawaita ba." Nan take zakara ya yi cara. Ba ni na sa shi ba, Allah shi ne shaidata. Abin da ya fi ba ni mamaki, yarinyar da ke raba abinci ta ƙirga shi cikin mahalarta, ta ajiye masa lemun kwalba da shinkafa a roba. Tumatir kuwa ya zaga ƙananan hukumomi uku a cikin jakata, kafin mu isa Gummi ya niƙa kansa da kansa.

Na uku. Bitarku ta shiga bakina ta ƙi fita. Mun je gaida surukina Malam Bature, mutum mai kwarjini wanda ko tari ba a yi a gabansa. Ya zaunar da mu ya yi mana nasiha mai ratsa jiki kan haƙuri da zaman aure. Ni kuma ina durƙushe, gajiyar hanya ta sa gyangyaɗi ya ɗan ɗauke ni. Ina jin ya yi shiru sai na zabura na ce, "Jama'a, mu ba mai gabatarwa tafin ruwan sama!" Har na fara, da yatsa ɗaya, sannan biyu, kamar yadda ma'aikatanka suka koya mana. Mardiyya ta ja mayafi ta rufe fuska. Malam ya dube ni ya daɗe, sannan ya tambaye ta a hankali ko a danginmu akwai mai irin wannan lalura.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mahaifiyata, Inna Sahura, ta aiko daga Nasarawa Burkullu cewa za ta zo ranar Asabar ta ga yadda muke zaune. Na yi murna, na bar wa Marka saƙo. Ranar Juma'a sai ga takardar ofishinka: bita ta musamman a Anka ranar Asabar, halarta dole, takenta kuwa "Daidaita Aiki da Kula da Iyali". Na ce ba komai, ai Mardiyya tana gida, za ta tarbi Inna.

Ina shiga ɗakin taro, wa zan gani a layin gaba? Mardiyya. Ashe ita ma an turo ta daga ɓangaren lafiya, ta taho da zaton ina gida zan tarbi Inna. Muka tsaya muna kallon juna. Gaskiya ta yi kyau, ranka ya daɗe. Ta ƙara haske, kuma ban san ta fara sa tabarau ba.

Mai koyarwa, Madam Felicia, ba ta san mu ba. Da aka zo wasan kwaikwayo sai ta nuna mu ta ce mu fito mu yi kamar miji da mata suna hira bayan an tashi aiki. Muka fito. Na ce, "Ina wuni, ya aiki?" Ta ce, "Lafiya lau, ya hanya?" Na ce, "Alhamdulillahi." Daga nan hira ta ƙare, don mun saba Marka ce ke ci gaba. Madam Felicia ta girgiza kai ta ce, "A'a, ku koma ku zauna. Ko makaho ya san ku ba ma'aurata ba ne." Aka fito da wasu baƙi biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, suka yi faɗa kan kuɗin gas, ɗaki ya ɗauka da tafi, aka ba su kyautar jakar hannu. Shin wannan adalci ne?

A can Gummi kuwa, Inna ta iso da daddawa da man shanu ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Marka ta shimfiɗa mata tabarma, ta kuma yi mata bayani irin nata: wai miji ya yi gabas, mata ta bi bayansa ko kallon juna ba su yi ba, kuma dama tun kan gishiri ake ta rikici. Da muka dawo da la'asar a kan babur ɗaya, kowa rataye da katin suna a wuya, Inna ba ta amsa gaisuwarmu ba. Ta ce, "Ina kunka tahi?" Na ce bita, Inna, an koya mana kula da iyali. Ta dubi kwaɗon, ta dube ni, ta ce, "Awo. To wanga aure naku na, ko na gwamnati na?" Ranka ya daɗe, ba a kawo wannan a bitar ba.

Yanzu haka Inna ta ƙi yarda cewa lafiya muke. Ta aika wa Malam Bature, an sa taron dangi ranar Asabar mai zuwa a tsakar gidana, inda za a yanke ko Mardiyya ta koma gidansu sai an gane kanmu. Ranka ya daɗe, ina son matata. Ɗan ganin da na yi mata a Anka ya tabbatar mini da haka, ita ma ta ce na yi mata kama da mutumin kirki.

To jiya sai ga wata takardar daga ofishinka. Ranar Asabar ɗin nan akwai bitar bibiya, don a ji yadda darasin kula da iyali ya amfane mu, kuma an zaɓe ni da Mardiyya mu ba da shaida.

Saboda haka, cikin matuƙar girmamawa, nake gayyatarka Gummi a ranar, kai da kanka, ka zauna kan tabarma ka yi wa Inna Sahura bayanin dalilin da zai hana mu halartar taronta. Ina ba ka shawara ka karya da wuri. Inna ba ta karɓar wakili, ba ta raba lemu, kuma ba ta tashin taro sai ta gamsu.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamanin ofishinka, ya ba ka sa'a a gabanta.

Naka mai biyayya, a Bukkuyum ko a Anka ko a hanya,

Abdulwahabu Malami,
Malamin gona, mijin Mardiyya har zuwa Asabar in Allah ya yarda.