Yadda Ake Cika Shekarar Zinariya Ko da an Rasa Wasa Ɗaya

Kai da kake son shiga sahun masu shekarar zinariya, wato waɗanda suka kalli kowane wasan ƙwallon ƙungiyarsu, gida da waje, daga Maris zuwa Nuwamba ba fashi, matso kusa. Ni Arkadi Fomich, da na shekara arba'in a masana'antar ƙusa, na yi, ga lambar nan a ƙirjina. Bi matakan nan, na rantse za ka samu taka.

1. Nemi izini a gida

Kada ka yi ƙarya a nan, adana ta, za ka buƙace ta gaba. Likita ya ce gwiwoyina ba za su ɗauki shekara biyu ta yawo ba, sai matata Zinaida ta ba ni ɗaya. "Ɗaya tak, tsoho," in ji ta. "In ta kuɓuce maka, gonar dankali na jiranka har kabari."

2. Zaɓi ƙungiyar da ba ta cin wasa

Mai bin masu nasara ɗan kallo ne kawai. Tamu ta masana'anta tana rukuni na biyu tun ina da gashi. A Maris za ka zauna kan benci mai ƙanƙara, ka shimfiɗa jarida, kana ɓare 'ya'yan furen rana. In wasan ya gundure ka, kalli hankakan da ke sauka kan sandar raga. Na lura ba ya zama sai a ragar da za a ci. Kowane tikiti da mai ƙofa ya yaga, ajiye shi. Rodion, shugaban magoya baya, ba ya karɓar wata shaida sai wannan, ko da uwarka ce ta rantse maka.

3. Huta da ƙungiyar ƙasa

Wasanninta ba sa cikin sharaɗi. Kalle su a talabijin, ƙafa cikin ruwan ɗumi. Ka sa rai, ka yi zagi, ka ce ka daina, ka dawo. Amfaninta ɗaya: in ka ga yadda manya ke ɓarar da ƙwallo, sai ka yafe wa naku.

4. Yarda da agogo

Wasanmu na ƙarshe a waje ya faɗo a Khabarovsk, can ƙuryar gabashin ƙasa, tafiyar kwana shida a jirgin ƙasa. Kowa ya zame: wannan aiki, wancan mata, Rodion ciwon baya. Ni kaɗai na hau, da dafaffen ƙwai da kaza a ƙunshe.

A zamanin, agogon kowace tashar jirgi a ƙasar nan lokacin Mosko yake nunawa, komai nisanta. Kowane yaro ya sani. Ni a aji bakwai na bar makaranta, wataƙila a na takwas ake faɗa. Na sauka, agogon tasha ya ce shida na safe, na hannuna ya ce shida na safe, wasa kuwa sai biyar na yamma. Rana tana tsaka, amma shaidu biyu sun fi ɗaya. Har na rubuta a ɗan littafina cewa ranar gabas tana da gaggawa. Na miƙe a benci na yi barci mai daɗi.

Da agogo ya ce sha biyu, na taka a hankali zuwa filin don in ga gari. Na tarar da jama'a suna fitowa, magariba ta yi. Awa bakwai sun shige wani wuri, har yau ina tunanin inda suke.

5. Nemi tsohuwa

Kada ka tunkari matashi, bai san asara ba tukuna. Mai ƙofar wata dattijuwa ce, tana naɗe igiya. Na cire kunya na ba ta labari. Ta tambayi daga ina, na faɗa. Ta dube ni kamar mai duban akuyar da ta faɗa rijiya, ta shiga ɗakinta ta fito da tikitin da ba a sayar ba, ta yaga shi.

"Canjaras aka tashi, ba ci, Baba," ta ce. "Ba abin da ka rasa sai sanyi."

6. Gyara labarinka a hanya

Kana da kwana shida. Wasan da ba a ci ba ya fi sauƙin ƙirƙira: iska, laka, alƙalin wasa azzalumi, ƙwallo ɗaya da ta daki sanda. Kada ka sa ta daki sandar sau biyu, kwaɗayi mabuɗin wahala. Zinaida ta saurara har ƙarshe, ta ce tun da ta aure ni ban taɓa ba da labarin wasa tiryan-tiryan haka ba. Ta ƙara min miya.

7. Tsaya da ƙafarka ranar lamba

Rodion ya jera tikitocina a tebur, ya duba, ya maƙala min lamba. Sai ga kyaftin ɗin ƙungiya ya taso. Nan take na tuna, bayan kowane wasa 'yan wasa kan je su tafa wa magoya bayan da suka biyo su. Shi ya san bencin baƙi wayam yake. Ko kuwa ranar bai je ba.

Ya rungume ni gaban kowa. "Fomich, na gan ka can kai kaɗai. Muryarka ce ta riƙe mu."

Na ce ai ni ma na ga tafin da ya yi min, har na yi hawaye. Muka dubi juna, kowa ya riƙe wuyan ɗan'uwansa, aka ɗauki hoto.

Gargaɗi

Wanda ya bi wannan shawara aka kama shi, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Wanda kuma ya kai wa Rodion takardar nan, ya sani ni ban iya rubutu sosai ba, kuma ina da kyaftin a matsayin shaida.