Ɗanyen Ƙwan Agwagwa a Gonar Suruki

Ba zan taɓa mantawa da daminar da agwagwa ta kunyata ni ba. Na je yaƙi na dawo da ƙafafuna biyu, amma tsuntsuwar kwata ta kayar da ni.

Na dawo Zuru bayan yaƙin basasa ina son wata yarinya, Ladi. Ubanta ya ce kakin soja ba ya cika rumbu. In ina son 'yarsa, in yi golmo kamar kowa, wato noman da saurayi ke yi wa suruki. Ga wani ɗan garin Danko yana neman ta shi ma, ƙirji kamar ƙyauren ƙofa. Ni kuwa hannuna ya manta fartanya.

A shekarar ciwo ya shiga kajin unguwarmu. Kaza ta yi zawo da safe, kafin la'asar ta miƙe ƙafa. Agwagin uwata kuwa ko a jikinsu. Ruwan bayan makewayi suke sha, sai ƙiba suke yi. Na zauna na yi tunani (ba sana'ata ba ce, shi ya sa ya ɓaci). Na ce duk abin da ke tsare agwagwa yana cikin ƙwanta. In na sha, zan sami ƙarfin wuce ɗan Danko a gona. Na shiga fasa shi a baki ɗanye kowace safiya, da kashinta a jikin ɓawo.

Ranar huɗar dawa aka taru, har da makaɗi. Ladi ta kawo kunu ta tsaya a inuwa. Na sunkuya, na wuce ɗan Danko, mata na guɗa. Sai cikina ya yi ƙara kamar motar soja a hawan dutse. Na miƙe na duba gabas da yamma. Dawa ba ta wuce gwiwa ba. Babu wajen ɓuya.

Na yar da fartanya na zura.

"Soja, ina zuwa?" in ji uban Ladi.

"Sintiri, Baba!"

Ban kai bakin gona ba. Gajeren wando ne a jikina, shi kuma ba ya riƙe amana. Makaɗi ya tsaya cak. Da ya ci gaba, sunana ke cikin kiɗan.

A asibiti na gaya wa malamin da ya duba ni gaskiya. Sai da ya gama dariya ya ce, "Kofur, agwagwa tana da nata sojojin cikin jini. Ƙwayar cuta ta shiga, su taru su cinye ta, su riƙe kamanninta saboda gaba. Wadda ta gagare su, su tsare ta a hanji, ta fito da kashi ta manne wa ƙwai. Sojojin ba sa bin ƙwai zuwa cikinka."

"Wato fursunonin na sha?"

"Su kaɗai. Masu gadin suna gida."

Na cire rai da Ladi. Sai ga ubanta ya zo dubiya, yana toshe hanci da gangan. Ya ce, "Ɗan Danko huɗa kawai ya yi. Kai ka yi huɗa, ka sa taki. Ka warke ka dawo gona." Ladi tana bayansa, ta cusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa.

Na aure ta. Har yau in dawarmu ta yi kyau sai ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, Kofur."

Abin da na koya kaɗan ne. Lafiyar wani ba a aronta. In kuwa dole sai ka ara, to ka dafa tukuna.