Zubi na Bakwai

"Lafiya lau na tashi, sai dai ganinki da ya rage wa hantsin kyau."

"To sannu, Tsoho. Ni ma ba wajenka na zo ba, kujerarka na zo yi wa sallama."

Tsohon mai gyaran keken ɗinki ne, ko da yake shekara shida ke nan idonsa ya daina ganin ƙananan kusoshi. Har yanzu a shagon yake wuni, tsakanin kawunan kekuna da ƙamshin man juye. Mai ba shi amsar jikarsa ce, ma'aikaciyar jinya, kuma a hannunsa ta tashi. Yau da la'asar jirgi zai ɗauke ta zuwa wani asibiti a ƙasa mai nisa, aikin shekara uku. Shi kuwa ya haura tamanin. Kowa a gidan ya san lambobin nan biyu, amma ba wanda ya taɓa faɗin su a numfashi ɗaya.

Ta ture gwangwanin mai gefe, ta jera 'yar butar tangaran, da kofuna biyu ƙanana, da fulas ɗin ruwan zafi. Sannan ta buɗe wani ɗan gwangwani. Ta ce shayi ne, ulong ake kiransa, ganye tsura ba na cikin jaka ba, kuma gonar da ya fito ba ta san takin zamani ko feshin magani ba.

"Wato manomin talaka ne, bai da halin sayen taki." Ya leƙa ciki, ya ga ganyen a dunƙule, ƙwaya-ƙwaya. "Amarya, wannan ai kashin akuya ne. Duk bokon nan naki, a ƙarshe aka cuce ki da kashin akuya."

"Idon da ba ya ganin ramin allura, yau shi ne ya gane akuya."

Ta zuba ruwa a kan ganyen, ta juya butar sau ɗaya, ta tsiyaye ruwan a cikin wani tsohon kwano. Tsoho ya ce shi dai bai reni mai zubar da shayi ba, lalle a asibiti aka musanya masa jika. Ta ce wannan na tashin ganye ne daga barci. Ya ce ashe ganyen ɗan'uwanta ne, don ita ma sai da ruwa ake tashin ta zuwa makaranta. Ya nemi sukari, ta hana. Ya nemi madara, ta ce ba jariri ta zo shayarwa ba. Ya ce matar da ke hana mijinta sukari gado take hange. Ta dubi kawunan kekunan da ke jere, ta ce in wannan ne gadon, ta bar wa tsatsa.

Sai ya tambaya, kamar wanda bai damu ba, har yaushe za ta zauna tana cika masa kunne.

"Ganyen nan ana zuba masa ruwa sau da yawa. Da ya daina ba da ɗanɗano zan tashi. Kawu na bakin titi a mota, akwatunana na ciki."

Zubi na farko ya fito ruwan ɗorawa mai haske. Ya kurɓa, ya ce wankin ciyawa ne, ko tunkiya sai ta nemi a ba ta haƙuri. A na biyu ta kai masa murfin butar hanci, ta ce ya shaƙa kafin ya yi magana, in zai iya. Ya shaƙa. Ta ce ita fure take ji. Ya ce ba fure ba ne, ƙamshin sabon yadi ne lokacin da dutsen guga ya bi ta kansa karon farko. Ya sake shaƙa, ya ƙara da cewa yadin ma ba mai tsada ba.

A na uku ganyen ya warware har ya cika butar. Tsoho ya sa yatsa biyu ya zaro guda, ya shimfiɗa shi a kan teburin keke, ya bi gefensa da babban yatsa. Ganye ne cikakke, kore a tsakiya, bakinsa ja-ja.

"Wanda ya yi wannan kalmasar ya san aikinsa," ya ce a hankali.

"Akuyar ce."

Ya ɗaga kofinsa. Ya haɗiye kurɓin, ya tsaya, don wani ɗan zaƙi ya biyo baya can a maƙogwaro bayan kofin ya bar baki. Na huɗu ya daɗe a hannunsa. Ya tambaye ta ko can akwai sanyi, ta ce akwai. Ya ce madalla, ko bakinta ya daskare marasa lafiya su huta. Ya tambaya ko ta san kowa a garin. Ta ce tukuna.

Na biyar ya fito fari-fari. Daga titi aka danna hon sau ɗaya. Ta ɗanɗana, ta ce ganyen ya gaji.

"Warin asibiti ya kashe miki harshe. Yanzu ma ya fara. Zuba."

Ta zuba na shida. Ana ganin gindin kofin tarwai. Tsoho ya lumshe ido, ya juya kurɓin a baki, ya ce yanzu yana jin dutsen da gonar ke kai, kuma an yi ruwa kwana biyu kafin a tsinki ganyen.

"Sai kuma me?"

"Manomin gurgu ne. Ƙafar hagu."

"Duk a cikin kofin?"

"Yana da 'ya ɗaya, marar kunya, mai dogon wuya. Ba a ɗanɗana irin wannan sai da harshen da ya shekara tamanin. Zuba."

Hon ya sake kaɗawa, sau biyu. Ta karkata fulas ɗin har sai da ya ɗiga na ƙarshe. Na bakwai ko launi babu. Ta ɗaga kofinta, ta shaƙa kamar yadda ya yi, ta kurɓa, ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Gaskiyarka, Tsoho," ta ce, ba ta dube shi ba. "Da saura. Ni ma na ji gurgun. Bari in shiga gida in ɗora wani ruwan."

Ta miƙe da fulas a hannu. Ya bar ta har ta kai ƙofar baya.

"Ajiye fulas ɗin nan."

Ta tsaya.

"Ruwa ne, Amarya. Tun na biyar ruwa ne."

"Kai ka ce manomin..."

"Ƙafafunsa biyu lafiya lau. Ƙarya ta tsofaffi ce, ke ba ki kai ba. A bakinki ko kyau ba ta yi."

Dariya ta ƙwace mata, ta jingina da ƙofar har fulas ɗin na rawa. Da ta lafa, ta dawo ta tura masa gwangwanin shayin da butar, ta ce nasa ne, tun da ya fi ta iya sha. Ya ce zai karɓa don kada a ce ya wulaƙanta kyautar talaka. Bai tashi raka ta ba. Ya ce gwiwa.

A bakin ƙofar titi ta juyo.

"Tsoho, in na dawo na tarar ka yi mini wayo ka tafi, ba zan yafe ba."

"Ni da ko bakin ƙofar nan sai an riƙe ni, ina za ni? Tafi, kafin kawunki ya tara mini unguwa."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Ya ci gaba da tasa shi kaɗai, da ƙarfi yadda za a ji daga titi, har motar ta sha kwana.